Riƙe linzami ko zaman kallo: wanne ya fi wa ɗan Damagaram a wasannin yaƙin sarakunan da?

A fadojin samarin Damagaram, daga Birni har Zongo da Sabon Gari, wasan ƙwallo da na harbe-harbe ne ke da kasuwa a waya. Amma akwai ƴan tsiraru, yawanci ɗaliban jami'a da ƴan lise da matasan ma'aikata, da zuciyarsu ta karkata ga wani irin wasa dabam, wanda ake ba ka ƙauye ko masarauta ta zamanin dawaki da takubba, a ce ka yi noma, ka gina ganuwa, ka ƙulla aure da maƙwabta, ka tara runduna, a ga ko za ka kai labari. Kusan dukansu ta ƙofar kallo suka shigo. Bidiyon wani yana bugawa ya faɗo musu a YouTube, suka kalla, suka nemi na gaba, yau ga shi sun haddace sunan kowane soja alhali hannunsu bai taɓa tura ko ɗaya fagen daga ba. Tambayarsu ɗaya ce: kuɗin nan da ke zurarewa a sayen forfe, a tara shi a mallaki wasan a buga, ko a ci gaba da kallo tunda ya fi sauƙi?

Ra'ayina shi ne duk wanda ke da na'urar da za ta ɗauki wasan ya buga, kallo ya zama ɗan rakiya. Sai dai maganar ba ta zauna daidai a kan kowane wasa ba. Akwai wanda kallonsa kaɗai ya isa abin zama, akwai kuma wanda in ka tsaya a kallo ka yi asarar ainihin abin da aka ƙera shi dominsa.

A fara da aljihu, tunda shi ne alƙali. Kallo yana kama da mai arha saboda ba a dunƙule ake biyansa ba. Bidiyon awa ɗaya a matakin 360p yana cin wajen mega 300, a 480p wajen rabin giga, a 720p ya kai giga ɗaya ko ya haura. Da fim ne ko wa'azi, 360p ta wadatar. Waɗannan wasannin kuwa cike suke da ƙananan lambobi da rubutu: nawa ne abincin da ke rumbu, nawa ce zinariya, mutum nawa ke saran itace, wane basarake ne ya ƙi jinin sarki kuma don me. A 360p a kan allon waya duk wannan ya zama hazo, sai ka ga ƴan tururuwa suna gudu kana jin mai sharhi yana ihu ba ka san dalili ba. Wanda ke son ya fahimta dole ya hau 480p ko sama. Awa ɗaya kullum a wannan mataki giga 15 ke nan a wata. Ka duba nawa kamfanin wayarka ke sayar da giga 15, ka ninka sau goma sha biyu, ka ga abin da kallo ke ci a shekara. Forfen dare yana rage raɗaɗi, haka ma turawa tsakanin abokai in mutum ɗaya ya sauke, amma lissafin bai sauya ba: ranar da ka daina biya, ranar kallo ya tsaya.

Bugawa nauyinta a gaba yake. Ka biya kuɗin wasan sau ɗaya, ka sauke shi sau ɗaya, kuma saukewar ba wasa ba ce, don sabon fitowar Age of Empires II ta 2019 tana neman wajen giga 30 na wuri a kwamfuta. Bayan nan kana iya kwana kana yaƙi da kwamfuta ba tare da mega ɗaya ta fita ba, muddin ka sa manhajar Steam, kasuwar intanet da ake sayen wasannin kwamfuta, a yanayin aiki ba intanet. Ko karawa da mutane ta intanet ba ta kusa da bidiyo wajen cin mega, saboda umarni ne kawai ke kai da komo, hoto a na'urarka ake zana shi. Abin da ke zuwa ba sallama shi ne sabuntawa, wadda kan kai gigogi, don haka a kashe mata sauka da kanta. Wani tarnaƙin shi ne biya: Steam na son katin banki mai aiki a ƙasashen waje ko katin kyauta nasu, kuma ba kowane saurayi ke da shi ba. Wanda ya samu hanya kada ya yi gaggawa, ya jira babban rangwamen ƙarshen watan Yuni ko na ƙarshen Disamba, lokacin da tsofaffin wasanni ke faɗuwa warwas. Kuma ya san haƙƙinsa: in ya saya bai buga awa biyu ba, kuma kwana 14 ba su wuce ba, yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. Wannan ita ce hanya mafi tsabta ta gwada ko tsohuwar kwamfutarka za ta iya.

Na san za a ce ai masu tura finafinai a kasuwa suna da su a kan jika ɗaya ko ƙasa. Suna da su. Amma kwafin sata ba ya shiga karawar intanet ta gaskiya, sau da yawa yana zuwa da cutar da za ta lalata maka takardun karatu, kuma haƙƙin wasu ne. Ban ba da shawararsa ba.

Sai maganar na'ura da kuran, kuma a nan kallo ya yi wa bugawa fintinƙau. Waya caji ɗaya ta ishe ta yini, ƙaramin fano na hasken rana ya cika ta. Kwamfutar cinya ta hannu, irin wadda yawancinmu ke iya saye, in batirinta ya riƙe awa biyu ana wasa an gode Allah. A watannin Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, injin kan yi zafi har ya rage gudu da kansa, ka ga dawakanka suna tafiya tsaye-tsaye. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankar ciki. Mai niyyar bugawa ya saba da ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko tabarma, ya ɗora ta a kan abu mai tauri da iska ke ratsa ƙasansa, ya kai ta a hure ta lokaci-lokaci, ya kuma riƙa ajiye wasansa a kai a kai saboda ɗaukewar kuran ba ta da sanarwa. In ba ka da kwamfuta sam, kuma ba karatu ko sana'a za ta yi maka ba, kada ka ci bashi ka saye ta saboda wasa.

Yanzu ga wasannin kansu, don a nan zaɓin yake rabuwa.

Age of Empires II ya fito a 1999, kuma har yau shi ne uban tafiya. Ana fara ka da gidan gari ɗaya, talakawa uku da ɗan leƙen asiri a kan doki. Kowane sabon talaka abinci 50 ne, yana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ya fito. Gida ɗaya itace 25, yana ɗaukar mutum biyar. Wasan yana da matakan ci gaba huɗu da ake kira zamani: hawa zamani na biyu abinci 500, na uku abinci 800 da zinariya 200, na huɗu abinci 1000 da zinariya 800, ginin babbar ganuwar sarki kuma dutse 650. Duk wanda ya yi wata yana kallo ya san waɗannan lambobi, ya san a sa mutum shida a yankan tumaki, huɗu a itace, a jawo gadu kusa da gida kafin a kashe shi, ya san mai māshi ke maganin mai doki, raƙumi ma haka. Sanin yana nan. Abin da kallo ba ya bayarwa shi ne hannu.

Ɗan yayata ya daɗe yana bin gasannin wasan nan a waya, har yana gyara wa masu sharhi magana. Ran da na zaunar da shi gaban kwamfuta sai ya ce, "Kawu, ba sai ka nuna mini ba, ai na san komai." Na ja gefe na bar shi. Ya fara da kyau, ya tura mutanensa kan tumaki, sannan ya bi ɗan dokinsa yana zagaya daji yana neman garin abokin gaba. Can sai ya ɗago: "Kawu, me ya sa mutanena suka daina fitowa?" Bai gina gida ba, gari ya cika. Yana ginin gidan gadun da ya tsokano ya kashe masa talaka, yana jimamin wannan tumakin suka ƙare, mutum shida suka tsaya cirko-cirko ba aiki. Kafin ya hau zamani na biyu ƴan baka sun iso wurin masu saran itacensa. Kwamfutar a matsakaicin ƙarfi take, ba ma mai tsanani ba. Ya yi shiru, ya share tafin hannunsa a wando, ya ce, "A bidiyo ba haka abin yake da sauri ba." Haka yake da sauri, mai sharhi ne ke zaɓar maka inda za ka duba. Mai kallon dara a gindin bishiya kullum yana hango cin da mai bugawa bai gani ba, saboda ba shi ke riƙe da karan ba, ba shi ake jira ba. Yaron ya sake zama, ya sake, kuma daga ranar kallonsa ya canja: ya daina bin inda ake faɗa, ya koma duba ko gidan garin gwanin ya taɓa tsayawa da fitar da mutane.

Duk da haka, a cikin wasannin nan kaf, wannan ne kallonsa ke tsayawa da ƙafarsa. Karawa ɗaya minti 20 zuwa 40 ce galibi, tana da farko da ƙarshe, akwai mai ci da wanda aka ci. Akwai gasanni na gaske masu kyautar kuɗi, irin su Red Bull Wololo da aka fara a 2020, akwai gwanaye da duniya ta sani, TheViper ɗan Norwe da Hera ɗan Kanada. Abin da suke yi da ƴan baka arba'in a lokaci ɗaya, suna kauce wa jifan majaujawa suna kuma kula da gonaki a gida, ba abu ne da ni ko kai za mu yi ba ko mun shekara goma, kuma ganinsa daɗi ne na kansa. Mai son koyo kuwa, ba gwanaye ya kamata ya fi kallo ba. Mai sharhin nan T90 yana da jerin bidiyo na karawar masu rauni, kuma a nan za ka ga kurakuranka ƙuru-ƙuru a hannun wani. Spirit of the Law kuma gajerun bidiyoyi yake yi na lissafi, wane soja ya fi wane, wace gyara ta cancanci kuɗinta, minti goma ka ƙaru ba ka ƙona mega da yawa ba.

Akwai wata ƙofa da mai waya kaɗai ba shi da ita. Wasan yana ajiye kowace karawa a ƙaramin fayil na ƴan mega kaɗan. Wanda ya mallaki wasan yana iya sauke karawar gwanaye ya buɗe ta a kwamfutarsa, hoto tangaram, ya tsayar inda ya so, ya duba garin kowanne, da megar da ba ta kai ta minti biyu na bidiyo ba. Sharaɗin kawai fayil ɗin ya dace da fitowar wasan da ke hannunsa. Wato mai bugawa ya fi mai kallo samun kallo mai arha.

Ga ɗan wannan yanki akwai ƙarin armashi. Tun 2015 aka shigar da daulolin Afirka: Mali, Habasha da Barbar na arewacin nahiyar. Akwai jerin yaƙoƙin Sunjata har zuwa kafuwar daular Mali, akwai na Ɗariƙu ɗan Ziyad da ya tsallaka Andalus a 711, akwai na Salahuddini tun fitowar farko, har da yaƙin Hittin na 1187. Gine-ginen Mali a wasan na laka ne masu itatuwa a jikin bango, idonka ya san su. Kuma akwai wurin zana fili da kanka. Damagaram ba ta cikin waɗannan wasanni, don a ƙarni na 18 aka kafa masarautar, bayan zamanin da suke ɗauka ya wuce. Amma ba abin da zai hana ka zana Birni da duwatsunta, ka kewaye ta da ganuwa kamar yadda Sarki Tanimun ya yi a ƙarni na 19, ka jera igwa a ƙofofi tunda shi ma a nan garin aka ƙera masa su, ka kira abokinka ya gwada fasa ta. Wannan ba bidiyon da zai ba ka shi.

Crusader Kings III, na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ya fito a 2020, wani abu ne dabam ɗungurungum. Ba gari kake tuƙawa ba, zuri'a ce. Kai mutum ɗaya ne mai hali da buri da rauni, in ka mutu ka koma magajinka, haka har 1453 in zuri'ar ba ta yanke ba. Ana farawa daga 867 ko 1066, daga baya aka ƙara 1178. Taswirar ta sauko har yammacin Afirka, da Kanem da ƙasar Hausa a ciki, kuma cikin sarakunan da wasan ya ware ya ce a gwada su a 867 akwai Daurama ta Daura, tare da Bayajidda. Daura ɗin nan da ke tsallaken iyaka, ta wajen Matamaye. Ban san wani babban wasan kwamfuta da ya ɗora Bahaushiya a shafinsa na farko kamar haka ba, kuma wannan kaɗai ya sa da yawa cikinmu suka neme shi.

A nan nake cewa kallo asara ne, in ya wuce na koyo. Daɗin wasan yana cikin shawarar da ke hannunka da abin da za ta haifar bayan shekara talatin. Ga misali. Sarkinka ya tsufa, yana da ƴaƴa maza uku, kuma dokar gado ta farkon wasa raba ƙasa take yi tsakaninsu. Babban rago ne, na biyu jarumi amma mugu, ƙaramin mai ilimi ne kuma talakawa na sonsa. Ka bar ƙasar da ka sha wuyar haɗawa ta tsage uku? Ka cire wani daga gado ka zubar da martabar gidanku? Ka tura na biyu gaban yaƙi da ƴan dakaru kaɗan kana fatan kada ya dawo? In sarkin naka mai tausayi ne, wasan zai ɗora masa damuwa saboda ya aikata abin da ya saɓa wa halinsa, har ta kai shi ga rashin lafiya. Duk ɗan Damagaram da ya taso yana jin labarin yadda ƴaƴan sarki ke neman gadon sarauta, da yadda waziri ko sarkin yaƙi ke iya ɗaga wani ya kayar da wani, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Za ka tsayar da wasan, ka tashi ka zuba shayi, kana juya maganar a rai. In wani ne ke bugawa a bidiyo, ya yanke shawarar cikin daƙiƙa biyar yana raha, ya wuce, kai ko a jikinka. Ga kuma tsawo: tarihin zuri'a ɗaya kan ci bidiyo gomomi, kowanne rabin awa ko awa guda, kuma wannan ne wasan da ya fi kowanne ƙananan rubutu. Megar da za ka ƙona kafin ka ga ƙarshen labarin wani ta isa ta saya maka naka.

Amma kada ka shige shi ba jagora. Allonsa na farko yana firgita mutum, maɓallai ko ta ina. Awa biyu ko uku na bidiyon koyarwa, a matakin da rubutu ke karantuwa, kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. Ka fahimci yadda ake samun hujjar kai yaƙi, yadda gado ke tafiya, da abin da ke sa hakimai su haɗa kai su yi maka tawaye. Daga nan ka rufe YouTube. Wasan yana da Faransanci cikakke, abin da ke sauƙaƙa wa wanda ya yi lekol a nan, kuma akwai masu koyarwa da Faransanci, ko da yake na Ingilishi sun fi yawa. Yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Mai ƙwaƙwalwar giga 4 kada ma ya wahalar da kansa, giga 8 ce mafarin kwanciyar hankali. Wanda ya gabace shi, Crusader Kings II na 2012, ya zama kyauta tun 2019 kuma ya fi sauƙin nauyi, sai dai a kyautar sarakunan Kirista kawai ake bugawa. Sarakunan Musulmi sai an sayi ƙarin da ake kira Sword of Islam.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa a fili game da shi. Wasan yana ƙunshe da kisan mummuƙe, neman matan aure, shan giya da auren da addininmu ya haramta. Mai bugawa yana da zaɓi: yana iya rayuwar sarki adali, ya je hajji, ya gina masallatai da makarantu, ya kashe nuna tsiraici a wurin saiti. Mai kallo ba shi da wannan zaɓi, kuma masu bidiyo da yawa ƙazantar suke bi da gangan saboda ita ke kawo musu jama'a. Don haka ga yaro ɗan shekara goma sha uku kallon wannan wasan ya fi bugawarsa haɗari, kuma ni duka biyun ba zan ba shi ba. Haka kuma Daurama a wasan tana kan addinin bori ne, tunda zamanin kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa aka ɗauka. Kana iya musuluntar da zuri'ar a cikin wasa. Shekarar 867 da aka liƙa mata kuwa zaɓin masu wasan ne, labarin Kusugu da muka gada bai zo da shekara ba. Kada wani ya ɗauki taswirar wasa ya je yana musu da malamin tarihi.

Mai waya kaɗai da ke son ya buga na gaske yana da mafita ɗaya da na yarda da ita: Total War: Medieval II, wasan 2006 da aka kawo Android da iPhone a 2022. Na kuɗi ne, biya ɗaya, yana cin gigogi a ajiya, kuma yana son waya mai ƙarfi, don haka a duba jerin wayoyin da yake karɓa kafin a biya. Ana farawa a 1080, kana juya garuruwa da haraji a taswira bi da bi, in runduna ta haɗu da runduna a sauko fili ka jera dubban sojoji da kanka, kana iya tsayar da yaƙin ka ba da umarni. Akwai Misra da Turkawa da Musulmin Magrib da Andalus, Tambutu ma tana can ƙasan taswira da zinariyarta. Kallonsa yana da kyau na ƴan mintuna, lokacin da dawaki suka zagayo ta baya suka afka, amma tsakanin yaƙi da yaƙi dogon lissafi ne da ba ya kalluwa. A ƙaramin allo yatsa kan tura runduna inda ba a nufa ba; a babbar waya ko allon hannu ya fi.

Mai tsohuwar kwamfuta da ba ta iya ɗaukar komai, ya nemi Stronghold Crusader na 2002. Hamada ce, ƙasar noma ƴar kaɗan ce a bakin dausayi, kowa na rububinta, ka noma alkama ka niƙa ka gasa burodi ka ciyar da masu tsaron ganuwa. Kusan kowace na'ura tana ɗaukarsa, ba ya neman intanet, kuma ba shi da abin kallo sosai, na bugawa ne.

Wasannin da tallarsu ke faɗo maka a Facebook, masu hoton ganuwa da jarumai, waɗanda ake saukewa kyauta, ba sa cikin wannan kwatancen. Gini ɗaya sai ya ce ka jira awa takwas ko ka biya, kuma wanda ya fi zuba kuɗi shi ke cin yaƙi, ba wanda ya fi dabara ba. Har wanda ke ɗauke da sunan Age of Empires a waya, na 2024, wannan tsarin ya bi, ba shi ne wasan da kake gani a gasa ba. Tsakanin waɗannan da kallon gasar gaske, kallo ya fi sau goma.

Saura lokaci, wanda ya fi mega tsada. Bidiyo ana tsayar da shi in an kira salla. Crusader Kings da Medieval II da duk karawa da kwamfuta haka suke, ka danna tsayawa ka tafi masallaci ka dawo. Karawar Age of Empires da mutum ta intanet ita ce ba ta da wannan sauƙin, in ka fara sai an gama, kuma in rezo ya yanke a tsakiya an ci ka ke nan. Wanda ya san Magariba saura minti goma sha biyar kada ya nemi abokin karawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kallo ya fi satar dare, don bidiyo yana ƙarewa wani ke ɗorawa, kana kwance ba ka gaji ba, har asuba ta riske ka. Bugawa tana gajiyar da kai, kuma gajiyar ce ke tashe ka daga kujera, ban da Crusader Kings da ke da nasa tarkon na "bari in ga an haifi magaji tukun". Ɗalibin da ke fuskantar BEPC ko BAC ya ajiye duka biyun sai hutu.

To, in kai mai kwamfuta ne mai ƙwaƙwalwar giga 8 kuma labarin sarauta da gado ke ja maka rai, ka kalli koyarwa ta ƴan awoyi, ka sayi Crusader Kings III a lokacin rangwame, ka fara da Daura, kada ka kalli yadda wani ya buga ta kafin ka buga taka. In kuma gwada ƙwanji da abokai kake so, Age of Empires II ne naka, kuma a nan bugawa da kallo tare suke tafiya: ka bi darussan koyo da ke cikin wasan, ka kara da kwamfuta har ka daina mance gida, sannan ka kalli karawa ɗaya ko biyu a mako don ka ɗauki dabara ɗaya ka gwada. In kuna da kwamfuta biyu a fada ɗaya, kun fi kowa morewa, don abokin da ke zaune kusa da kai ya fi baƙon da ke Turai daɗin karawa, ga shi za ku tattauna yaƙin a kan shayi na biyu. Wanda waya ce kaɗai gare shi kuma ba mai ƙarfi ba, ya zauna a kallon gasannin Age of Empires ba tare da jin ya gaza ba, ya zaɓi wasannin ƙarshe na gasa maimakon bin kowane bidiyo, ya sauke da dare a 480p, ya raba da ƴan fadarsu a yi karo-karon forfen.